Zancen Lafiya a Gida: In Kiɗa Ya Sauya

A wannan wata za mu ɗauki wata tambaya da ake yawan yi a gidajenmu: "Wane ya karɓi allurar korona, amma ga shi ya kamu. To, ina amfaninta?" Tambayar tana da nauyi, gama wanda bai sami amsa ba yakan fid da zuciya daga kowace irin allura.

Ƙwayar korona tana da waɗansu ƙayoyi a jikinta, da su take manne wa mutum ta shiga. Allurar rigakafi takan nuna wa jiki kamannin ƙayoyin nan, domin ya shirya masu gadi waɗanda za su tare ƙwayar tun daga bakin ƙofa. Amma sa'ad da ƙwayar take hayayyafa, 'ya'yanta ba su fitowa daidai da ita kullum. Da haka aka sami Alfa a Ingila da Beta a Afirka ta Kudu a 2020, sai Delta a Indiya. A watan Nuwamba 2021 Omikron ta bayyana da canje-canje fiye da 30 a ƙayarta. Ɓarawo ya sake riga, mai gadi kuwa bai shaida shi ba.

Abin ya taɓa allurai da magunguna. A Fabrairu 2021 Afirka ta Kudu ta dakatar da allurar AstraZeneca, domin ba ta tare Beta sosai ba. A Janairu 2022 kuma Amurka ta tsai da waɗansu magunguna biyu waɗanda aka ƙera su kama ƙayar, gama sun kasa kama ta Omikron.

Duk da haka, jiki yana da waɗansu dakaru a cikin gida. Su ba riga kaɗai suke dubawa ba, sukan bi ƙwayar har inda ta ɓuya su hallaka ta. Shi ya sa wanda aka yi wa allura yana iya kamuwa, amma sau da yawa ciwon bai kan kai shi gadon asibiti ko kabari ba. Haka kuma magungunan da ba ruwansu da ƙaya sun ci gaba da aiki. Paxlovid yana hana ƙwayar hayayyafa, deksametazon kuwa yana kwantar da kumburin huhu. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya: tun daga 2022 ake sabunta allurar domin ta dace da sababbin nau'o'in.

A watan Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗage dokar ta-ɓaci a kan korona, amma ƙwayar tana nan tana sake riga. Tsofaffinmu da masu ciwon sukari ko hawan jini, lalle mu kai su asibiti da wuri in numfashi ya yi musu wuya.

Iyaye mata, kada zancen korona ya hana ku kai yara rigakafi. Ƙwayar ƙyanda ba ta iya wannan wayo ba. An fara allurarta a 1963, har wa yau kuwa tana tsare 'ya'yanmu.

Sai wata mai zuwa.