Wanda ya fi jin jiki shi ake fara dubawa

Jama'ar Agye, Gazawa da Gidan Rumji, mukan ji gunaguni a ƙofar likita cewa an shigar da wanda ya zo daga baya. Mu sani, layin likita ya bambanta da layin rijiya. Ma'aikacin jinya yakan fara duba numfashi, sannan zubar jini, sannan hayyacin majinyaci. Baligi lafiyayye yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti guda. Mai haki, ko manomin da cikinsa ya kumbura ya yi tauri, ba ya iya jira. Wataƙila sai an yi masa aiki a babbar likitar Maraɗi. Kada mu ba irinsa fura ko ruwa, kuma mu faɗi maganin gargajiyar da ya sha. Mu yi haƙuri, gobe namu za a gabatar.