Kada tsoron lantarki ya sa mu rasa mai ciwon damuwa

Da zarar likita ya ambaci jinyar lantarki, sai dangi su kwashi majinyacinsu su yi gida, wai za a ƙona masa ƙwaƙwalwa. Jama'a, wannan tsoron tsohon yayi ne. A 1938 da aka fara ta a birnin Rum, ido biyu ake yi wa mutum. Yau sai an sa shi barci, an yi masa allurar sassauta jiki, sannan a saki lantarkin na 'yan daƙiƙoƙi, sau 2 ko 3 a mako.

Ba kowa ake yi wa ba, sai wanda ƙwayoyi suka gaza a kansa, ya daina ci da sha, ko yana neman halaka kansa. Tsofaffi sun fi kowa amfana da ita. Yara da matasa kuwa, sai in babu makawa.

Illarta mantuwa ce, galibi takan wuce cikin makonni, amma wani abin ba ya dawowa.

Don haka kafin ku yanke hukunci, ku tambaya: akwai likitan sa barci? An nemi amincewar majinyacin? In babu, ku ƙi. In akwai, ku saurari likita, domin jinkiri kan ci rai.