Pol Amat da Xavi: Gari Ɗaya, Suna Daban



Ranar Asabar da ta wuce a gidan kallon ƙwallo na unguwarmu Ƙofar Dumi, gardama ta kaure kan wane ne gwanin da ƙasar Sifen ta fi ji da shi. Wannan ya ce Xavi, wancan ya ce Iniesta. Sai na jefa musu tambaya: wa ya san Pol Amat? Wallahi shiru kake ji, har wani ya ce ko sunan magani ne.

To ga abin mamaki. Xavi da Pol Amat 'yan gari ɗaya ne, wato Terrassa da ke kusa da Barcelona. An haifi Amat a 1978, Xavi a 1980. Amat wasan hoki ya yi, wanda muke kira ƙwallon gora. Ya je gasar Olamfik har sau biyar, daga 1996 zuwa 2012, ya samo lambar azurfa a Atlanta a 1996, ya sake samo ta a Beijing a 2008 bayan Jamus ta ci su ɗaya da nema a wasan ƙarshe. A wannan shekara ta 2008 hukumar hoki ta duniya ta zaɓe shi gwarzon ɗan wasa na duniya. A ita dai shekarar aka zaɓi Xavi gwarzon gasar cin kofin Turai. Amma yau yaron da ke tallan rake a Wunti ya san Xavi, shi kuwa Amat ko a hanya ya wuce mu ba wanda zai ɗaga kai.

A ganina suna ba ya auna gwaninta. Mahaifina ɗan kasuwa ne, tun ina ƙarami nake zama masa a shago, kuma na ga yadda kayan da aka baje a bakin ƙofa suke ƙarewa, alhali wanda ya fi su inganci yana can ciki ƙura na cinsa. Talabijin ita ce bakin ƙofar shagon duniya. Abin da aka nuna mana shi muke yabo.

Kada mu ce matsalar Turawa ce. A Atlantar nan ta 1996 kowa yana tuna ƙwallayen da Kanu ya ci Brazil, amma mutum nawa ne cikin samarinmu suka san Chioma Ajunwa, wadda ta ciyo wa Nijeriya zinariya a tsallen nesa a gasar? Mu kanmu nan Bauchi, mun fi sanin 'yan benci na Madrid fiye da 'yan wasan Wikki Tourists da filinsu yake a garinmu.

Abin da ya sa na damu shi ne ƙanena. Allah ya ba shi gudu, a makarantarsu ba mai kamo shi, amma ya ce zai bari tunda gudu ba ya kawo suna, ƙwallon ƙafa zai koma, inda ko tsaron gida ba a sa shi. Na ba shi labarin Amat, na ce mutum ya riƙe abin da ya iya ko ba a tafa masa ba. Har yanzu bai ba ni amsa ba.

Allah ya sa mu dace. Sai mun sake haɗuwa.