Jak Ɗaga Mota Yake Yi, Ba Ya Riƙe Ta



Tsadar gyara ta sa da yawanmu, daga Birnin Kebbi har Argungu, mun koma taɓa motocinmu a gida. Wannan ba laifi ba ne, matuƙar mun san inda haɗari yake.

Mu ɗauki kuloci. A motoci da yawa da man birki yake aiki, DOT 3 ko DOT 4. Idan man ya tsiyaye ko iska ta shiga bututun, sai a taka kuloci ya zube ƙasa, giya ta ƙi shiga. Fitar da iskar aikin mutum biyu ne: ɗaya yana ciki yana takawa, ɗaya yana kwance a ƙasa yana sassauta noti. Duk takun na ciki girgiza motar yake, alhali ko ƙaramar mota takan kai kusan tan ɗaya. Ga ƙasarmu ta kwarin Rima, in ba rairayi ba, laka ce, jak kuwa nutsewa yake a cikinta.

Don haka muna ganin kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A nemi ƙasa mai tauri, a ja birkin hannu, a sa waigi, a tokare ta da ƙafafun ƙarfe ko katako mai kauri. Bulo fashewa yake. In babu waɗannan, a kai wa bakanike.

Mu masu alƙalami, mu yaɗa wannan da Hausa. Allah Ya kiyaye.