Lafiya Uwar Jiki: Gyambon ciki yana warkewa, in an bi shi ta hanyarsa

 

Da wuya a yi zaman asusu a tashi ba a ji wata ta ce “cikina ne ya motsa” ba. Wata zafi take ji a ƙahon zuciya kamar an ajiye mata garwashi, wata ƙwannafi ne da kumburin ciki, wata kuma ciwon sai tsakar dare yake tashe ta. Sai a ce yunwa ce, ko yaji ne, ko tunani ne. A jiƙa kanwa a sha, a sayi ƙwaya ta dala goma wajen mai tire, ya lafa kwana biyu ya dawo. A haka wasu suke shekara da shekaru, suna cire kuɗin jarinsu kaɗan-kaɗan, alhali ciwo ne da ake iya gano sanadinsa a kawar da shi.

Tumbinmu yana fitar da wani ruwa mai tsami ƙwarai don narkar da abinci. Allah ya yi wa bangon tumbin wata majina mai kauri da ke kare shi daga wannan ruwa. In kariyar nan ta yi rauni, sai ruwan ya ci naman wurin ya zama miki, ko a tumbi ko a farkon hanji. Shi ne gyambon ciki, wanda wasu ke ce wa olsa.

Abu biyu ne suka fi kawo shi. Na farko wata ƙwayar cuta ce mai suna Helicobacter pylori, wadda yawanci tun muna yara take shiga, ta ruwa ko abinci ko hannu marar tsabta. Kusan rabin mutanen duniya suna ɗauke da ita, amma kaɗan ne daga cikinsu take yi wa miki. Likitoci biyu ƴan ƙasar Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka gano alaƙarta da gyambon ciki a farkon shekarun 1980. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya kwankwaɗi ƙwayoyin cutar da kansa a 1984, cikinsa ya kamu. A 2005 aka ba su kyautar Nobel.

Na biyu shi ya fi shafarmu: magungunan ciwon jiki irin su diclofenac, ibuprofen da aspirin. Mace ta wuni tana daka, ta je rijiya, ta tsaya kan kaskon suya, da dare baya ya riƙe, sai ta haɗiyi “maganin gajiya”, wani lokaci ma ba ta ci komai ba. Ƙwayoyin nan suna kashe ciwon baya, amma suna rage majinar da ke kare tumbi. In ciwon jiki ne ko na kai, paracetamol ya fi sauƙi ga ciki, muddin ba a wuce ƙa'ida ba. Wadda kuwa likita ya ɗora kan aspirin saboda zuciya, kada ta daina da kanta, ta koma ta gaya masa.

Yaji da yunwa ba su ke haƙa mikin ba, sai dai suna iya tayar da zafinsa. Madara tana sanyaya wuri na ɗan lokaci, daga baya tumbi ya ƙara fitar da tsami. Kanwa ma haka take, kwantarwa ce ta ɗan lokaci, ga gishiri mai yawa da ba ya yi wa mai hawan jini daɗi.

To in kin je CSI, me za a yi? Anfirmiye zai tambaye ki inda ke ciwo, yaushe yake tashi, kafin ci ne ko bayan ci, da abin da kike sha. Ki tafi da kwalayen magungunan da bawonsu, har da na gargajiya, kada ki ɓoye don kunya. Zai taɓa cikin, ya duba ƙasan ido da tafin hannu ko jini ya ragu. Ana iya gano ƙwayar cutar ta gwajin bayan gida ko na numfashi a inda ake da su. Sai dai in kina shan omeprazole, ana so ki dakata kamar mako 2 kafin gwajin, maganin kashe ƙwayoyin cuta kuma mako 4, don suna iya ɓoye ta gwaji ya nuna babu. Ki bi abin da aka gaya miki a kan wannan.

Wani lokaci a tura ki babban asibiti, kamar na Yamai, a yi miki fibroskopi. Wata siririyar roba ce mai fitila da kyamara a baki, ana bi da ita ta maƙogwaro har tumbi a ga mikin ido da ido. Za a ce kada ki ci komai na awa 6 zuwa 8 kafin a yi. Ana fesa maganin kashe zafi a maƙogwaro, kuma aikin ƴan mintoci ne. Ba ta hana numfashi, don hanyar abinci daban, hanyar iska daban. Bayan an gama, ki jira maƙogwaro ya saki kafin ki sha ruwa, don kada ki ƙware.

In an sami ƙwayar cutar, maganin haɗi ne: mai rage tsami kamar omeprazole, wanda ake sha kamar rabin awa kafin abinci, da aƙalla magunguna biyu masu kashe ƙwayoyin cuta, yawanci na kwana 14. A nan ne da yawa ke faɗuwa. Kwana uku ko huɗu ciwo ya kwanta, baki ya yi ɗaci, sai a ajiye sauran, ko a ba maƙwabciya. Ƙwayar da ta rage a raye takan saba da maganin, in ta dawo sai an nemi wani mai wahala da tsada. Mai juna biyu, mai shayarwa, da wadda amoxicillin ya taɓa fesa wa ƙuraje, su faɗa tun kafin a rubuta takarda.

Akwai alamun da ba a kwana da su a gida. Aman jini, ko amai mai kama da garin kafe da aka jiƙa. Bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo kamar kwalta, mai mugun wari. Jiri, sanyin hannu da ƙafa, bugun zuciya da sauri. Ciwo mai tsanani farat ɗaya, ciki ya ƙame kamar katako. Wannan yana iya zama mikin ne ya huda. Kada a ba ta fura, kada a ba ta ruwa ko jiƙo, a nemi mota kawai. Ƙwayar ƙarin jini da ake ba mu a awon ciki ita ma tana baƙanta bayan gida, amma ba ya danƙo, ba ya zuwa da jiri. In kin rasa gane wanne ne, ki je a duba. Haka nan ramewa ba dalili, abinci na maƙalewa wajen haɗiya, ko yawan amai, musamman ga wadda shekaru suka ja, suna buƙatar binciken likita, don kansar tumbi tana iya farawa da kamar ciwon ciki na yau da kullum.

Ga abin da nake roƙon kowace ƙungiya ta tattauna a zubi mai zuwa. In ƴar uwa ta zo da takardar maganin kwana 14, a ranta mata ko a taimaka mata daga asusun agaji ta sayi dukansa lokaci guda, don sayen rabi shi ke kawo shan rabi. A wakilta wata ta kusa da ita ta riƙa leƙa ta safe da yamma har ta cinye. Kuma a ajiye lambar mai mota da ɗan kuɗin mai a gefe, saboda jini ba ya jiran ranar taro.

Allah ya ƙara mana lafiya da albarkar nema. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.