Juji a Ƙofar Gidan Wa?

Mai karatu, duk birnin da ya tumbatsa sai ya ci karo da wata tambaya da mahukunta ba su cika son amsawa a bainar jama'a ba: sana'ar da mutane ke ƙyama, amma doka ta kasa kashe ta, a ina za a ajiye ta? A wannan mako ina so mu leƙa Amurka, inda aka shafe kusan shekara hamsin ana tafka shari'a a kan inda ya halatta a buɗe sinimar batsa, ko shagon finafinan batsa, ko gidan rawar tsiraici.

Tsarin mulkin ƙasar ya kare 'yancin faɗar albarkacin baki, saboda haka birni ba ya da hurumin haramta irin waɗannan wurare ɗungurungum. Sai biranen suka koma ga dokar tsara gari, suka kasu gida biyu.

Birnin Detroit ya zaɓi warwatsawa. A 1972 ya hana buɗe irin wannan sinima ƙasa da ƙafa 500 daga unguwar zama, ya kuma hana su cunkushewa a wuri guda. Kotun Ƙoli ta amince a 1976, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu. A 1986 ta sake mara wa garin Renton baya, wanda ya gindaya ƙafa 1,000 tsakaninsu da gidaje da coci da wuraren shaƙatawa, ya bar musu kimanin kashi biyar cikin ɗari na filin garin. Hujjar kotun ita ce, garin ba da abin da ake nunawa yake faɗa ba, da abin da ke biyo baya yake yi, wato laifuffuka da faɗuwar darajar gidaje.

Shi kuwa Boston tattarawa ya zaɓa. A 1974 ya keɓe musu 'yan layuka a tsakiyar birni, wurin da ake wa laƙabi da Combat Zone, wato fagen daga. Sauran unguwanni suka huta. To amma su wa ke maƙwabtaka da wurin? Unguwar 'yan asalin Sin ce, akasarinsu baƙi masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda muryarsu ba ta kai majalisar birni. Su suka kwashi kashinsu a hannu shekara da shekaru.

A New York ma, dokar 1995 ta zamanin Magajin Gari Giuliani ta taimaka wajen share dandalin Times Square. Sai dai wasu shagunan sun cika kantoci da finafinan da babu mai saye don su zille wa dokar, wasu kuma suka koma yankunan masana'antu, kusa da gidajen leburori.

Darasin a fili yake. Dokar tsara gari ba ta kashe sana'a, tana dai zaɓen wanda zai zauna da ita ne, kuma sau da yawa marar gata take zaɓa.

Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tun zamanin Turawa aka ware Sabon Gari a Kano domin baƙi, har bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000 kuma nan mashaya suka fi yawa. Mukan manta cewa a nan ɗin akwai iyalai da makarantu da masallatai da coci-coci, akwai kuma iyayen da ke fargabar tarbiyyar 'ya'yansu kamar kowa.

Ni a ganina, duk hukumar da za ta shata wa wata sana'a mai illa wuri, wajibi ne ta rubuta tazara a fili, ta zama ɗaya ga kowace unguwa, ta kuma saurari mazauna wurin kafin ta sa hannu. Wanda za a kai wa juji ƙofar gida, shi ya fi cancanta a fara jin ta bakinsa.