Wutar da Ba Ta Jiran Layin Shiroro



A watan Oktoban 2024, yawancin jihohin arewacin Najeriya sun kwashe sama da mako guda cikin duhu. Ɓata-gari sun lalata turakun layin da ke ɗauko wuta daga Shiroro zuwa Kaduna, sai kuma layin da ke biyowa ta Makurɗi zuwa Jos ya samu matsala. Ƙanƙara ta yi tsada, injinan niƙa suka yi tsit, cajin waya ma sai an bi layi. 'Yan'uwanmu na Nijar sun riga mu ɗanɗana wannan. A Agustan 2023, bayan juyin mulki, Najeriya ta katse musu wuta, alhali kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkinsu daga nan yake zuwa. Tashar sola ta Gorou Banda da ke bakin Yamai, mai megawat 30, ita ta ɗan rage musu raɗaɗi.

Wutar Shiroro fa ba ta da laifi. Ruwa ne ke juya injinanta, kamar na Kainji da aka kammala tun 1968, babu hayaƙi, kuma duk damina madatsar na sake cika. Matsalar tana ga doguwar wayar da ke ratsa dazuzzukan da 'yan bindiga suka mamaye. Ita kuwa rana, a kan rufin ɗakinka take sauka, ba mai tare ta a hanya.

Ku tambayi manomin rani. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta yi ta hawa har ta haura 1,000 a 2024. Mai tumatir a Kadawa ko mai albasa a Aliero, kafin ya ga riba, injin ban-ruwa ya sha ta. Wanda ya samu famfon sola kuwa, lokacin da shuka ta fi jin ƙishi, lokacin ne farantinsa ya fi ba da ƙarfi. Haka asibitin ƙauye mai sola: firjin allurar rigakafi ba ya mutuwa, ungozoma ba ta karɓar haihuwa da fitilar waya.

To, me ya hana kowa sakawa? Kuɗin farko. Faranti, batir da inbata duk a dunƙule ake biya, talaka kuwa da kwalba yake sayen mai. A nan ne nake ganin hukumomi ke kuskure. Sun fi son aikin da za a yanke ƙyalle a ɗauki hoto. Aikin lantarki na iska da ke Lambar Rimi a Katsina, megawat 10 kacal, tun 2005 aka ɗauko shi, ya haura shekara goma bai kammala ba. Fitilun titi na 'yan majalisa kuwa, kowa ya san nasu: batir ya mutu, shi ke nan, sanda ta zama wurin ɗaure akuya.

Da rabin wannan kuɗi za a zuba wa ƙungiyoyin manoma, a ba su famfo bashi su riƙa biya bayan girbi, da an ga bambanci a kasuwar kayan miya. A kuma sa ido kan jabun batura da ke shigowa, a koya wa matasa gyara a kowace ƙaramar hukuma, domin ƙurar hunturu kaɗai, in ba a goge ta ba, tana rage ƙarfin faranti sosai.